Kafin Ka Sa Kyamara a Shago ko Gida, Ka San Akwatin da Ke Naɗar Hoton

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari a Kano cikin 'yan shekarun nan, ya ga yadda kyamarorin tsaro suka yi yawa a bakin shaguna. Haka abin yake a gidajen mai, da makarantu masu zaman kansu, da masallatai, da gidajen masu hali. Sai dai mutane da yawa kan zuba kuɗinsu a kan kyamarar da ido ke gani, su manta da ƙaramin akwatin da ke ɓoye a ciki, wato na'urar DVR, alhali kuwa ita ce ke naɗar hoton ta ajiye shi. Kyamara kallo kawai take yi. Ranar da aka fasa shago, ba kyamarar za a tambaya ba, akwatin za a buɗe. A ranar ce kuma wasu ke gane cewa tun watanni uku da suka wuce akwatin bai naɗi komai ba, ko ya naɗa amma ya goge, ko kuma kwanan watan da ke jikin hoton na wata shekara ce daban.

Hanyoyi uku ne a gaban mai son wannan na'ura: ya saya, ya yi haya, ko ya haɗa tasa daga tsohuwar kwamfuta. Kowacce ya ɗauka, kuɗin da aka faɗa masa a ranar farko ba su ne ainihin tsadarta ba. Tsadar tana cikin wutar da za ta ci, da faifan da zai mutu, da kuɗin wata-wata, da kuma wanda ke riƙe da lambar sirri.

Mu fara da saye, tunda shi ne abin da akasarin mutane ke yi. Na'urorin da suka cika kasuwa daga Sin suke zuwa, manya a cikinsu su ne Hikvision da Dahua, sai tarin wasu marasa suna da ake liƙa musu kowane tambari aka ga dama. Akwai mai ɗaukar kyamara 4, da mai 8, da mai 16. Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, yawancinsu ana sayar da su ne babu faifan ajiya a ciki. Faifan daban ake saye, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Faifan kwamfutar ofis an yi shi ne ya yi aiki da rana ya huta da dare. Na kyamara kuwa rubutu yake yi dare da rana babu tsayawa, shi ya sa kamfanoni suka ware masa nasa iri, kamar WD Purple da Seagate SkyHawk. Wasu masu haɗawa sai su ciro tsohon faifai daga kwamfutar gwanjo, su ɗaura a ciki su rufe, su karɓi kuɗin sabo. Zai yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya mutu shiru, hoto yana ci gaba da fitowa a allo kamar lafiya lau, amma ba a ajiye komai. Saboda haka ka ce a buɗe kwalin faifan a gabanka, a rubuta lambarsa a rasit. Na'urori da yawa ma suna da wurin da ke nuna awoyin da faifan ya taɓa yi yana aiki. Sabon faifai bai kamata ya nuna dubban awoyi ba.

Sai maganar kwanaki. Mai shago zai tambayi injiniya, "Wannan zai riƙe min kwana nawa?" Amsar da aka saba ji ita ce, "Alhaji, ai wata guda cur." Lissafin ba shi da wuya, kowa zai iya yi. Kyamara ɗaya mai hoto tsaf, idan tana tura megabit 2 a kowace daƙiƙa, tana cin kusan gigabayit 21 da rabi a yini. Huɗu za su ci wajen 86. Faifai mai terabayit 1 ke nan zai cika a cikin kwana 11 zuwa 12, daga nan na'urar ta koma kan tsohon hoto tana gogewa tana rubuta sabo. To ta yaya za a kai wata guda? Ko dai a rage ingancin hoton har fuskar mutum ta zama dusu-dusu, ko a saita ta naɗa sai idan ta ga motsi, ko a sayi na'ura mai tsarin matse hoto na H.265, wanda ke rage cin wuri sosai idan aka kwatanta da tsohon H.264. Naɗa a kan motsi dabara ce mai kyau, amma a ƙasarmu ƙurar hunturu da ƙwari masu bin hasken kyamara da dare da yanar gizo-gizo duk motsi ne a wurinta. Wannan lissafi yana da muhimmanci ne domin ba kowace ɓarna ake ganewa washegari ba. Yaron shago da ke zare kaya kaɗan-kaɗan sai an yi lissafin ƙarshen wata ake farga, lokacin kuwa hoton makon farko ya daɗe da gogewa.

Wuta ita ce babbar matsala, kuma ɓarawo ya san haka. Na'urar da ke dogaro da NEPA kaɗai, ko da janaretan da ake kashewa ƙarfe goma na dare, tana barci ne daidai lokacin da ake buƙatarta. Abin daɗin shi ne ba ta cin wuta da yawa: akwatin da faifansa ba su cika wuce wat 10 zuwa 15 ba, kowace kyamara kuma 'yan wat ne, sai da dare su ƙaru idan fitilunta na ganin duhu suka kama. Da bolt 12 duka suke aiki, don haka batir ɗaya mai kyau da farantin sola sun isa su riƙe ƙaramin shago har gari ya waye. Wanda kuɗinsa ba za su kai kyamara takwas da batir ba, ya sayi huɗu da batir. Kuma a lura da waya. Akwai mai araha wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama; da rana hoto garau, da dare idan kyamara ta nemi ƙarin wuta sai hoton ya riƙa rawa ko ya ɗauke. Yawan ɗaukewar wuta kuma yana lalata faifai, sannan akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo a cikin akwatin da ke riƙe agogo. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma baya.

Kada a raina maganar agogon nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko na'ura irinta, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, da takardar shaida daga wanda ke kula da ita. Hoton da ke cewa an yi sata a shekarar da ba a ma gina shagon ba, kyauta ce aka miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma.

Akwai kuma haɗarin da mutanenmu ba su cika tunawa da shi ba. Kusan kowa yanzu yana so ya riƙa kallon shagonsa ko gidansa a waya, ta manhajoji irin su Hik-Connect da DMSS da XMEye. Da zarar an jona akwatin da intanet, ƙofa ce aka buɗe. A 2014 an gano wani shafi mai suna Insecam da ke nuna hotuna kai tsaye daga kyamarori sama da 73,000 a faɗin duniya, ciki har da na ɗakunan kwana, ba don an fasa wani tsaro ba, sai don masu su ba su canza lambar sirrin da ta zo daga kamfani ba. A ranar 21 ga Oktoban 2016 kuma, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara ɗimbin kyamarori da na'urorin DVR masu irin wannan sakaci, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, har Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka tsaya na tsawon awoyi. Amma ni abin da ya fi damuna ya fi wannan kusa da gida. Injiniyan da ya haɗa maka, shi ya sa lambar sirri, sau da yawa kuma a wayarsa ya fara gwadawa. Idan bai cire kansa ba, to yana ganin tsakar gidanka da iyalinka, yana ganin lokacin da kake ƙirga kuɗi da inda kake ajiye su. Ba ina cewa duka marasa amana ba ne, da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma waya tana ɓata, ana sayar da ita, yaran gida suna ɗauka. Kafin ya tafi, ya nuna maka yadda ake canza lambar, ka canza da hannunka, asusun manhajar kuma a buɗe shi da lambar wayarka ko imel ɗinka.

Haya kuwa iri biyu ce. Akwai kamfanonin da ke kawo kaya su haɗa, kana biya duk wata, su kuma suna gyara idan ta lalace. Wannan yana da amfani ga aikin da ke da ƙarshe, kamar wurin gini, ko rumbun da aka tara amfanin gona na 'yan watanni, ko babban taro. Ga shagon da za ka shekara goma a ciki kuwa, ka ninka kuɗin wata sau 24 ka ga ko bai sayi kayan ba har da canji. Ka kuma tambaya tun kafin sa hannu: idan na daina biya, hoton da aka naɗa na wa ne? Masu DStv Explora sun san wannan darasi. Da kuɗinka ka sayi akwatin, amma naɗar shiri sai da ƙarin kuɗin wata, abin da ka naɗa kuma a kulle yake, ba ya kwafuwa zuwa wani wuri. Kayan aro ba ya rufe katara.

Iri na biyu shi ne hayar ma'ajiya a intanet, inda kyamara ke tura hoton can wata ƙasa a ajiye maka. Ƙananan kyamarori masu sola da layin waya da suka shigo kasuwa suna tallata wannan sosai. Fa'idarsa a fili take: ko an sace kyamarar, ko gobara ta cinye shagon, hoton yana nan. Amma ka koma kan lissafin ɗazu. Gigabayit 86 a yini ya haura terabayit 2 da rabi a wata, kuma tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Shi ya sa irin wannan tsari gajerun hotuna na lokacin motsi kawai yake turawa. Sannan sai da sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, Afirka ta Yamma ta shiga wahalar sadarwa na kwanaki. A irin waɗannan ranaku, kyamarar da ba ta da ma'ajiya a jikinta ba ta da amfani. Idan da katin memori take aiki, a kula, jabun katin da aka rubuta wa girman da ba shi da shi ya yi yawa a kasuwa.

Haɗa taka da kanka abu ne mai yiwuwa, kuma yana burge matasan da suka karanci kwamfuta. Ana ɗaukar tsohuwar kwamfuta a sa mata manhaja irin ZoneMinder ko Frigate, waɗanda kyauta ne, ko Blue Iris da ake saye, a jona ta da kyamarori masu aiki da tsarin ONVIF. Za ka iya haɗa kyamarorin kamfanoni daban-daban, ba ka biyan kowa kuɗin wata, babu kuma wanda ke da makulli sai kai. Matsalar ita ce wuta da kulawa. Kwamfutar tebur da ke cin wat 100 tana shan yunit 72 a wata, akwatin DVR kuwa wajen 11. Ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, inda aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, bambancin ba ƙarami ba ne. Ga mai sola kuwa ƙarin batir ne da faranti. DVR tana tashi da kanta idan an dawo da wuta, kwamfuta kuwa sai an saita ta, in ba haka ba tana nan a kashe har wani ya danna. A ganina, wanda zai iya gyara ta da kansa ne kaɗai ya kamata ya bi wannan hanya. Ɗan kasuwar da ɗansa ya haɗa masa sannan ya tafi bautar ƙasa, ya shiga uku ranar da ta tsaya.

Ga mai shago ko magidanci, saye ya fi, da sharaɗin sabon faifai da batir da lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. Kada a ajiye akwatin a kan kanta kusa da allo, domin ɓarayin yanzu shi suke fara ɗauka. Kada kuma a cusa shi cikin silin ƙarƙashin kwano, zafin bazara zai kashe faifan. A nemi wuri mai kulle da iska ke shiga. A guji sa kyamara a banɗaki, ko ɗakin gwada kaya, ko a karkata ta zuwa tsakar gidan maƙwabci. Addini ya hana leƙen asirin mutane, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora nauyi a kan masu tara hotunan jama'a, don haka a sanar da ma'aikata, a kuma daina watsa hoton wanda ake zargi a WhatsApp kafin a kai wa 'yan sanda.

Kai kuma da ka riga ka sa, yau ɗin nan ka zauna gaban allon, ka nemo hoton ƙarfe biyu na daren jiya, ka duba ko yana nan, ko ana gane fuska, ko agogon daidai yake. Ka riƙa yin haka duk mako.