Shari'ar da ta taso daga bakin indararo

Duk wanda ya yi damina a Wudil ya san rigimar indararo. Ruwan soron wannan ya zuba a katangar wancan, a yi cacar baki, mai unguwa ya zo ya raba, kafin la'asar an manta. A Beirut ta ƙasar Labanan, wadda muke da titi mai sunanta a cikin Kano, irin wannan ruwa ya taɓa haddasa faɗa, maganar kuwa ba ta kwanta ba sai da ta kai zauren Oscar a Amurka.

Mai gidan da abin ya faru a ƙofarsa shi ne Ziad Doueiri, mai shirya fina-finai, haifaffen Beirut a 1963. Gidansu na Musulmi ne masu goyon bayan Falasɗinawa. Bai cika sha biyu ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, ya taso yana ɗaukar mayaƙan Kiristoci abokan gaba. To amma ran da gardama ta haɗa shi da wani ma'aikaci a bakin gidansa, ya ji karin harshen mutumin na Falasɗinawa ne, sai ya laluɓo maganar da ya san ta fi kowacce ciwo ya yaɓa masa. Ya yi masa fatan da Ariel Sharon ya ƙarar da Falasɗinawa. Sharon fa shi ne ministan tsaron Isra'ila a watan Satumba na 1982, lokacin da mayaƙan Kiristoci suka shiga Sabra da Shatila suka karkashe 'yan gudun hijira. Wadda ta tsawata masa ta ce ya je ya ba da haƙuri ita ce Joëlle Touma, matarsa a lokacin, 'yar gidan Kiristoci. Wannan juyin shi ya fi tsaya mini a rai: ɗan gidan masoya Falasɗinu ya yi zagin, 'yar ɗaya ɓangaren ta ji kunyar.

Su biyun suka zauna suka rubuta fim da Larabci, ya fito a 2017. Sunansa na Larabci Shari'a Mai Lamba 23, duniya kuma ta san shi da The Insult. A ciki, Tony bakanike ne Kirista, Yasser kuma injiniya ne Bafalasɗine da ke aikin shugaban leburori, don dokar ƙasar ta tsare wa 'yan gudun hijira sana'o'i da dama. Yasser ya gyara bututun da ke tsiyayo ruwa daga benen Tony, Tony ya farfasa shi. Zagi ya biyo baya, sannan maganar Sharon, sannan naushin da ya karya haƙarƙari biyu. Aka dangana da kotu, lauyan wannan uba, lauyar wancan 'yarsa ta cikinsa, gari ya rabu biyu.

Can cikin shari'ar aka tono abin da Tony ya binne. Shi ɗan Damour ne, garin Kiristoci a kudu da Beirut, inda mayaƙan Falasɗinawa da abokan ƙawancensu suka kashe fararen hula a ranar 20 ga Janairu, 1976, kwana biyu bayan kisan da mayaƙan Kiristoci suka yi wa talakawan unguwar Karantina. Yana yaro aka gudu da shi. Yaƙin ya ƙare a 1990, a 1991 aka yi dokar afuwa, aka ce a rufe tukunya. Tukunyar kuwa ba ta daina tafasa ba. A ganina jarumtar Doueiri tana nan: ya saurari kukan mutanen da aka koya masa ƙinsu, bai kuwa rage wa Yasser ko ƙwayar mutunci ba.

Kamel El Basha, ɗan wasan daɓe Bafalasɗine da ya fito a Yasser, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Venice a Satumba 2017. Doueiri na sauka filin jirgin Beirut daga bikin aka tsare shi, aka karɓe fasfonsa biyu, na Labanan da na Faransa. Washegari ya tsaya gaban kotun soja saboda ya ɗauki wani fim nasa na baya a cikin Isra'ila. Aka sallame shi ba tare da tuhuma ba. Wata guda bayan haka aka soke nuna The Insult a wani bikin fina-finai a Ramallah kan wannan dalili, Falasɗinawan garin ba su ga ɗansu a majigi ba a wannan biki. A farkon 2018 fim ɗin ya shiga jerin biyar na Oscar a rukunin harsunan waje, karo na farko ga Labanan. Wani fim na ƙasar Chile ne ya ɗauki kyautar.

Shi kuwa ma'aikacin gaske, Doueiri ya ce ya same shi ya ba shi haƙuri, mutumin ya ƙi karɓa. Daga baya ubangidansa ya sallame shi daga aiki, wannan rigima na cikin dalilai. Wanda ya tashi ya tsaya masa shi ne Doueiri, mutumin da ya zage shi.