Akuyar dutse da hanyar masu katako

Fara ce fat, da gemu da baƙaƙen ƙaho gajeru, kuma gidanta ƙololuwar duwatsun yammacin Kanada da Amurka. Kusan rabin akuyoyin dutse na duniya suna lardin Birtish Kolumbiya. Gefen kofatonta tauri gare shi, tsakiya kuwa taushi mai kama dutse, shi ya sa take tsayawa daram a inda kyarkeci ba ya ko gwada hawa.

Sai dai dutse ba ya ciyar da ita da hunturu. A yankunan gaɓar teku, in dusar ƙanƙara ta yi yawa, takan gangaro cikin tsohon daji mai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa. Rassansu ne ke tare ƙanƙarar, ƙasa ta rage da ɗan sarari, akuya ta samu ganye da gansakukar da iska ta kaɗo. Waɗannan itatuwa su ne kamfanonin katako suka fi so. In aka sare su, ƙanƙara ta kai mata ciki, ta yi ta fama har ƙarfinta ya ƙare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanyar da aka fasa wa manyan motoci ta fi saran ɓarna. Dutsen da ba a kai masa sai da tafiyar kwanaki, yanzu maharbi da mota yake zuwa gindinsa. An ce akuya ta yi wayo da yankakken kunne, to wannan wayonta ɗaya ne: ta haye ta tsaya a fili. Gaban bindiga kuwa wannan tsayuwa ajali ce. Ga shi mace da namiji duk suna da ƙaho, daga nesa da wuya a bambance su. Rasa mace kuwa babbar asara ce, don binciken da aka yi a Caw Ridge ta lardin Albarta ya nuna mace kan kai shekara 4 ko 5 kafin haihuwar fari, kuma yawanci ɗa guda take haifa.

Mutanen Gitsan na bakin kogin Skina a Birtish Kolumbiya suna da labari a kan akuyar dutse. Wai mutanen garin Tamlaham sun riƙa kashe akuyoyi ba kima, har yara suka azabtar da wani ɗan akuya. Akuyoyin suka rikiɗe mutane, suka gayyace su biki a kan dutse, dutsen ya rufto da su. Wanda ya tsira shi ne saurayin da ya ceci ɗan akuyar.

A jihar Montana ta Amurka, inda babbar hanya mai lamba 2 ta ratsa hanyar akuyoyin dutse ta zuwa lasar ƙasa mai gishiri, a 1981 aka gina musu mashiga ta ƙarƙashin titi, kuma suna bi.