Baƙin mai ba maganin gara ba ne

Wata murya tana yawo a WhatsApp daga Filinge har Shikal da Tukunus, wai sirrin kula da itatuwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai nuna ko bedi ɗaya da ya raya ba, amma ya jero shawarwari kamar malamin gona.

Ya ce a buga wa mangwaro ƙusa ya yi ƴaƴa. Rauni kawai za a ji masa. Ya ce kauci yana kashe itace. Nan ya yi gaskiya: tsuntsaye ke kai irinsa, yana tsotse ruwan reshe, maganinsa a sare reshen ƙasa da inda ya kama.

Maganar da ke ɓarna ita ce ta baƙin mai. Wai a karɓo wanda aka juye daga inji a gareji, a kwarara a gindin dashe, gara ta gudu. Wanda ya yi jigilar ruwa duk rani, ya wayi gari gara ta yaɓa wa dashensa ƙasa har wuya, ba a ganin laifinsa in ya gwada. Sai dai man yana toshe ƙofofin ƙasa, saiwa ta rasa iska, ruwan da aka ba dashen ya riƙa zamewa a sama. Yana kuma ɗauke da gubar ƙarafa daga injin. A kwarin Dallol Boso ƙasar rairayi ce, ruwa ba nisa, abin da aka zuba a gindin itace yana iya gangarawa rijiya.

Gara ta fi kama dashen da ƙishi ko rauni ya riga ya galabaitar. A ba shi ruwa sosai, a janye busassun karare daga gindinsa, a kankare ƙasar da ta yaɓa. Toka da garin ƴaƴan bedi suna rage ta, ba sa ƙarar da ita, sai an maimaita. A ramin shuka na tassa ma taimako gara take yi, hanyoyinta ke shigar da ruwan sama.

Ƴan'uwa Kurfayawa, duk wanda muryar ta iso masa kada ya tura ta gaba. In dashe ya fara yaushi, a nuna wa malamin daji kafin a zuba masa komai.