Kifin Aku da Dangin Masu Leɓe: Yadda Kimiyya Ta Gano Zumuncinsu

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. Masana halittu sun tabbatar da haka, suka kuma gano cewa rashin kama ba ya raba zumunci. Misali mai kyau shi ne wasu kifaye masu launi iri-iri da ke zaune a duwatsun murjani na tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya da Tekun Indiya.

A shekarar 1758 ne Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya raɗa wa wasunsu suna Labrus, daga kalmar Latin mai nufin leɓe, saboda kaurin leɓunansu. Daga nan aka samo sunan dangin duka, wato Labridae, mai ɗauke da nau'i fiye da 600. Wasu ba su wuce tsawon yatsa ba, amma mai ƙullutu a goshi, Cheilinus undulatus, yakan kai mita 2.

An daɗe ana ware kifin aku a wani dangi daban mai suna Scaridae. Dalili kuwa shi ne haƙoransa sun haɗe kamar bakin aku, da su yake kankare abinci daga jikin dutse. Sai dai a cikin maƙogwaro, shi da masu leɓe duk suna da muƙamuƙi na biyu da suke niƙa abinci da shi. A shekarar 2005 Mark Westneat da Michael Alfaro na Amurka suka kwatanta sinadarin gado na DNA na waɗannan kifaye. Sakamakon ya nuna cewa kifin aku reshe ne a cikin bishiyar masu leɓe, kuma reshen mai ƙullutu a goshi ne mafi kusa da shi. Ashe bakin nasa sauyi ne da ya zo daga baya, ba shaidar asali daban ba.

To, mene ne amfanin wannan ilimi? Doka ba ta iya kare abin da ba a tantance sunansa ba. Mai ƙullutu a goshi ya yi ƙaranci saboda yawan kamu, shi ya sa a shekarar 2004 aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe. Ɗalibi mai nazarin rabe-raben halittu sai ya riƙe wannan: a duba siffar waje, a duba ta ciki, sannan a nemi shaidar gado kafin a yanke hukunci.