Abin da ke sa allon kwamfuta dishi-dishi ko sauya launi, da yadda ake gyara shi

A shagunan buga takardu, ofisoshi da cibiyoyin rubuta jarrabawa da kwamfuta, akan wayi gari a tarar rubutun allo ya yi dishi-dishi, ko hotuna sun baje, ko kuma farin shafi ya koma ruwan ɗorawa. Da yawa kan yanke hukuncin cewa allon ya mutu, su nufi kasuwa neman wani. Sau da dama kuwa lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga waya, ko saiti, ko manhaja. Rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami.

Yawan ɗigo da zurfin launi

Duk hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fikzel. Allon da aka rubuta wa 1920 x 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Kowane allon LCD da adadin da aka ƙera shi da shi. Idan aka tura masa hoto mai 1024 x 768, dole ya miƙe shi don ya cika fuskarsa, daga nan rubutu ya dushe, da'ira ta koma kamar ƙwai.

Zurfin launi kuwa shi ne yawan launukan da kowane ɗigo zai iya nunawa. Bit 8 na bayar da launi 256, bit 16 na bayar da 65,536, bit 24 kuma 16,777,216. Idan zurfin ya yi ƙasa, sai a ga sararin sama ko fuskar mutum a hoto ta rabu layi-layi. Ga mai tsara katin biki ko hoton fasfo wannan asara ce, domin abin da ya gani a allo ba shi zai fito a takarda ba.

A fara da waya

Yawancin kwamfutocin teburi na gwanjo suna amfani da wayar VGA mai shuɗin kai, wadda kamfanin IBM ya ɓullo da ita a 1987. Tana da ƙananan allurai 15, kuma ja da kore da shuɗi kowanne da tasa allurar. Idan ta shuɗi ta lanƙwashe ko ba ta shiga sosai ba, allo zai koma ruwan ɗorawa. Idan ta kore ce, zai koma shunayya. Ta wasu allurai na wannan wayar ne kuma allon ke sanar da kwamfuta adadin ɗigonsa, shi ya sa lalatacciyar waya kan ɓoye saitin da ya dace.

Sai a kashe kwamfutar, a cire wayar, a duba alluran, a mayar a ɗaure kusoshinta biyu. Idan kwamfutar na da katin hoto na daban, a jikinsa ake jona wayar. Inda akwai kafar HDMI ko DisplayPort a ɓangarorin biyu, ita ta fi. Allon da ke kan VGA galibi yana da maɓallin Auto, wanda ke daidaita hoton da ya karkace gefe.

Sai saiti

A Windows 10 da 11, ana danna maɓallin dama na linzami a fuskar kwamfuta, a zaɓi Display settings. A ƙarƙashin Display resolution a ɗauki adadin da aka rubuta wa Recommended. Wanda rubutu ya yi wa ƙanana bai kamata ya rage yawan ɗigo ba. Ya je wurin Scale ya ɗaga zuwa kashi 125 ko 150, rubutu zai girma ba tare da ya dushe ba. A wannan shafin ne kuma ake kashe Night light, wanda shi ma kan mayar da allo jaja-jaja.

Idan an zaɓi adadin da ya fi ƙarfin allo, zai yi baƙi ya rubuta Out of Range. Kada a taɓa komai, domin bayan daƙiƙa 15 Windows kan koma saitin baya da kansa. Idan bai koma ba, sai a tayar da kwamfutar ta Safe Mode a gyara.

Manhajar katin hoto

Idan adadin da ya dace bai fito cikin jerin ba, musamman bayan an sake ɗora Windows, sai a buɗe Device Manager a duba Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter na nufin babu direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi. Ana sauke ta kyauta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko na Intel, AMD ko Nvidia. Ita ce kuma maganin wasu matsalolin launi a yau, domin tun daga Windows 8 aka daina bai wa mai amfani zaɓin rage zurfin launin fuskar kwamfuta. A Windows 7 ne ake iya tarar da shi a bit 16, a mayar da shi 32.

Yaushe ne laifin allo?

Gwaji mafi sauƙi shi ne a zare wayar hoto, a danna maɓallin Menu na jikin allon. Idan rubutun da ya fito fes yake da launinsa daidai, da alama allon lafiya yake. Idan layuka ko ɓacin launi sun bi shi har nan, ko sun sake bayyana bayan an jona shi da wata kwamfutar da wata wayar, to lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi.