Sigina a cike, intanet na jan ƙafa: ina matsalar take?

Yau maganar netwok za mu yi.

Kwanakin baya na raka ƙanwata wani shagon intanet a Yelwa don cike fom ɗin makaranta. Awa biyu muna zaune, hoto ɗaya ya ƙi hawa. Mai shagon ya nuna min eriyarsa a saman ƙarfe, ya ce: "Wallahi sigina a cike yake." Gaskiya ya faɗa. Matsalar a wani waje take.

Irin wannan eriya tana magana ne da wata eriyar a nesa, ta iska, galibi a zangon 5 GHz. Kuma data ba ta tafiya a dunƙule. Yanka ta ake yi ƙanana-ƙanana, ana ce musu fakiti. Duk fakitin da ya isa, sai na can ya amsa: "Na karɓa." In amsa ba ta zo ba, a sake turawa. Kamar ka tsaya a bakin ruwa kana ƙwala wa mai kwale-kwale kira, iska na kwashe muryarka. Muryar da ƙarfi, amma sai ka maimaita sau uku kafin ya gane. Wannan maimaicin ne ke cinye lokaci.

Ta ya za ka gane? Shiga shafin rediyon. A na'urorin MikroTik da wasu na Ubiquiti akwai lamba mai suna CCQ: in ta kusa 100, lafiya lau, in tana faɗuwa, maimaici ya yi yawa. Kar ka duba sau ɗaya ka tafi. Rubuta ta safe, rana da dare, na 'yan kwanaki.

In sigina ba ƙarfi kuma maimaici ya yi yawa kullum, duba saiti: iska ta karkatar da eriya, ko bishiya ta tsaya a hanya. Ganin ɗaya eriyar da ido bai wadatar ba. A tazarar kilomita 5, sigina na buƙatar fili kamar mita 5 kewaye da layinsa a tsakiyar hanya.

In sigina da ƙarfi amma maimaici na nan, wataƙila wani rediyon ne ke hayaniya a tasharka. Bincika tashoshi, koma wadda ba cunkoso, ka rage faɗinta daga 40 MHz zuwa 20. Ka kuma tabbata an saka tazarar daidai, don kar rediyo ya gaji da jiran amsa tun ba ta iso ba.

In kuwa abin na zuwa yana tafiya, to mu 'yan bakin ruwa muna da tamu matsalar. Tafkin Kainji, da ya samu bayan kammala dam a 1968, madubi ne ga sigina. Wani ya tafi kai tsaye, wani ya bugi ruwa ya dawo, su haɗu su raunana juna, musamman in ruwa ya kwanta. Ga shi ruwan yana hawa yana sauka cikin shekara, don haka saitin da ya yi kyau a watan Janairu zai iya lalacewa a Yuni. Duk mai haɗa layi ta kan ruwa, a Yauri ne, Ngaski ko Shanga, ya gwada ɗaga eriya ko sauke ta kaɗan, ko ya kafa ta inda tudu zai tare mata ruwan.

Abin da ban so shi ne a ce "ƙara wuta kawai". Ƙara ƙarfi ba ya maganin hayaniya, maƙwabcinka kawai za ka dama wa lissafi.

Mai shagon nan ya canza tasha, ya gyara saiti, fom ya wuce. Kafin ku kashe kuɗi kan sabon rediyo, ku fara karanta wanda kuke da shi.

Ku tura wa mai shagon unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.