Albashin Manajan Talla da Tsadar Zama a Biranenmu

Kowace shekara, idan 'yan aji shida sun kusa fita, mukan tambaye su irin aikin da suke so su yi nan gaba. Da can amsar ba ta wuce likita, lauya, injiniya ko soja. Yanzu kuwa da yawa sukan ce za su karanta kasuwanci domin su zama manajojin talla a manyan kamfanoni, gama sun ji ana biyan kuɗi masu kauri a Legas. Wannan buri ne mai kyau. Sai dai akwai wani lissafi da muke so kowane ɗalibi ya iya kafin ranar da za a miƙa masa takardar ɗaukar aiki. Lissafin kuwa shi ne: bayan mutum ya biya kuɗin zama a garin da yake aiki, nawa ya rage a hannunsa?

Bari mu fara da aikin kansa. Manajan talla shi ne wanda kamfani ya ɗora wa nauyin sa mutane su san kayansa, su kuma saya. Yakan binciki abin da masu saye suke so, ya ba da shawara kan farashi, ya shirya talla a rediyo, talabijin, allunan bakin titi da intanet, ya kuma lura da dillalai da masu rarraba kaya. A ƙarshen shekara da cinikin da aka yi ake auna shi. A ƙasarmu akwai Cibiyar Masana Talla ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 2003 domin kula da wannan sana'a.

To, me ya sa mutum biyu masu takardar shaida iri ɗaya, masu sunan muƙami ɗaya, albashinsu yakan bambanta idan ɗaya yana Legas ɗaya yana Kano ko Jos? Dalili na fari shi ne girman aikin. Hedkwatar kamfanoni kamar Nestlé, Unilever, MTN da Dangote duk a Legas suke, kusa da tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da manyan bankuna. Manajan da ke hedkwata yakan tsara tallan ƙasa gaba ɗaya. Takwaransa na Kano sau da yawa shiyya guda yake riƙe da ita, yana zagaya kasuwar Singa, Sabon Gari da Kantin Kwari, yana aika rahoto hedkwata. Dalili na biyu shi ne gasa. Inda kamfanoni suka yi yawa, sukan yi ta ƙwace wa juna ƙwararrun ma'aikata, wannan kuwa yakan ɗaga albashi. Dalili na uku shi ne tsadar zama: idan kamfani bai biya abin da zai riƙe mutum a gari ba, ba zai sami wanda zai zauna masa ba.

Ko gwamnati ma ta san da wannan bambanci. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. A cikin shekarar nan Jihar Legas ta ce za ta biya ma'aikatanta 85,000, Kano 71,000, Filato kuwa 70,000. A Ingila malaman makarantun gwamnati da ke tsakiyar Landan suna da ma'aunin albashi dabam, wanda ya fi na sauran ƙasar. A Amurka ma, tun 1994 gwamnatin tarayya take ƙara wa ma'aikatanta wani kaso bisa ga yankin da suke aiki.

Yanzu sai mu duba inda kuɗin yake tafiya. Babban rami shi ne haya. A biranenmu mai gida yakan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ban da la'adar dillali da kuɗin lauya. Abin ya kai har Jihar Legas ta yi doka a 2011 ta hana a karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma dokar ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da unguwar manya ta Ikeja ba. Wanda ya guje wa tsadar haya ya koma bayan gari kamar Ikorodu, sai ya biya da kuɗin mota da sa'o'in da zai ɓata cikin cunkoso. Haka yake a Abuja, wadda ta zama babban birnin ƙasa ran 12 ga Disamba, 1991. Ofisoshi suna cikin gari, amma ma'aikata da yawa a Kubwa, Nyanya, Mararaba ko Suleja suke kwana. Nauyin sufuri ya ƙaru ƙwarai bayan da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin ranar nan ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024.

Abinci ma haka. Tumatir, albasa, wake da shanun da ake sayarwa a Legas yawancinsu daga arewa ake lodinsu, don haka mai saye a kasuwar Mile 12 yana biyan kuɗin mota da asarar hanya a cikin farashi. Wanda ke Kano yana kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau, na Jos kuma dankalin Bokkos da Mangu a ƙofarsa yake.

Ga misali irin na allo. Lambobin nan mun zaɓe su ne domin lissafi ya yi sauƙi. A ce manaja na fari yana Legas, yana kai naira 900,000 gida a wata. Haya ta ci 300,000, sufuri 150,000, abinci 250,000, makarantar yara da wutar lantarki 120,000. Jimla 820,000, saura 80,000. Manaja na biyu yana Jos, yana kai 600,000 gida. Haya 100,000, sufuri 60,000, abinci 200,000, makaranta da wuta 90,000. Jimla 450,000, saura 150,000. Na fari ya fi na biyu albashi da rabi, amma abin da na biyu yake iya ajiyewa ya kusa ninka nasa. 'Yan'uwa a ƙauye kuwa 900,000 ɗin nan kaɗai za su ji, buƙatunsu kuma daidai da ita za su zo.

A lura kuma cewa adadin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ya fi wanda zai shiga banki. Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100, kamfani kuma ya ƙara kashi 10. Sa'an nan ga haraji, wanda yakan hau yadda albashi ya hau. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairu 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu kome, amma mafi girman mataki ya kai kashi 25 cikin 100.

Kada wani ya ɗauka muna hana shi zuwa Legas ne. Babban birni yana da nasa amfani. Can ne matashi zai fi samun horo, ya ga yadda ake tsara manyan ayyuka, ya kuma sami wani kamfanin idan na farko ya rufe. Da yake fansho kaso ne na albashi, mai babban albashi ya fi tara na tsufa. Akwai kuma kayan da farashinsu kusan ɗaya ne ko'ina, kamar mota, wayar hannu da magungunan ƙasashen waje, domin dala suke bi. Bayan da aka saki naira a kasuwa a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Wajen sayen irin waɗannan kaya, arhar gari ba ta taimakon mai ƙaramin albashi.

Abu na ƙarshe shi ne hauhawar farashi. Iyayenmu suna ba da labarin ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, yadda aka yi murna, ba a daɗe ba kuma kaya suka yi tsada a kasuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce zuwa Disamba 2024 farashi ya hau da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Wanda aka yi wa ƙarin kashi 20 a wannan shekara, a gaskiya baya ya ci.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ranar da aka yi muku tayin aiki a wani gari, ku nemi sanin abu biyar kafin ku amsa. Nawa ne zai shiga hannu bayan haraji da fansho? Nawa ne hayar gida a inda za a iya isa ofis cikin sa'a guda? Kamfani yana ba da gida, mota, mai ko kuɗin asibiti? Kashi nawa na albashin ne tabbatacce, kashi nawa ne lada da sai an yi ciniki ake samu? Bayan shekara biyar, me aikin zai koya muku? Ku rubuta amsoshin a takarda, ku nemi shawarar wanda ya taɓa zama a garin. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga iyaye kuma, idan ɗanku ko 'yarku ta sami aiki a babban birni, ku tambayi kuɗin hayarta kafin ku tambayi albashinta. Mu kuwa malamai za mu ci gaba da koyar da tarawa da ɗebewa da kaso cikin ɗari tun daga aji ɗaya, gama da su ne za a yi wannan lissafi.